Amanar Ƙungiyar Da Ta Mutu

Wata ranar Asabar ina gabatar da shirin wasanni a gidan rediyon da nake aiki a Parakou, na buɗe layi na ce kowa ya faɗi ƙungiyar da yake goyon baya. Amsoshin dai su ne waɗanda muka saba ji: Barcelona, Real Madrid, Chelsea, sai jefi-jefi wani ya tuna da Buffles ɗinmu na Borgou ko Panthères na Djougou. Can sai wani dattijo ya kira, ya yi sallama a natse, ya ce shi Raccah Rovers yake yi. Na ce, "Baba, ai wannan ƙungiya ta mutu tun ba a haife ni ba." Na yi dariya, abokin aikina ma ya yi. Dattijon bai yi fushi ba. Cewa ya yi, "Ɗana, mahaifina ma ya mutu, ban kuwa canza uba ba." Ya kashe waya.

Dariyar nan ta tsaya mini a wuya har mako guda. Na bi lambar, na same shi a kasuwar Arzèkè, a rumfar atamfa, na durƙusa na ba shi haƙuri. Bakano ne, fatauci ya kawo shi, kamar yadda fataucin goro ya riƙa kawo kakanninmu Djougou a hanyarsu ta zuwa Gwanja. Ya sa aka kawo mini shayi, ya shiga ba ni labari.

Raccah Rovers ƙungiyar Kano ce, sunan Raccah kuwa sananne ne a garin tun zamanin cinikin gyaɗa. Ita ta ci gasar lig ta Najeriya a 1978. A shekarar ce kuma Pele ya zo Kaduna, ya sa rigar Fluminense ta Brazil ya buga da su. Bayan nan abubuwa suka ja baya, ƙungiyar ta watse, ta bi sawun dalar gyaɗa. Sai a 1990 aka kafa Kano Pillars, kuma kofin lig bai sake komawa Kano ba sai 2008, shekara 30 cif. Na tambaye shi ko bai yi murna ba ranar. Ya ce ya yi, kamar yadda mutum ke murna in maƙwabci ya yi haihuwa.

Tambayar da na taso da ita daga rumfar ita ce: abin da ba ya nan, ana iya riƙe masa amana?

Akwai hujja mai ƙarfi da ke cewa a'a, kuma da farko ita na riƙe. Amana tsakanin biyu take, mai bayarwa da mai karɓa. Ƙungiyar da ba ta da fili, ba ta da 'yan wasa, ba ta da ko akwatin gidan waya, me za ta karɓa? Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wataƙila dattijon ƙuruciyarsa yake kewa, ya laƙaba mata sunan ƙungiya. Kuma in ana maganar alƙawari, ai masu ƙungiyoyin ne ke fara saɓawa. Leventis United ta Ibadan ta ci lig a 1986, ba a daɗe ba masu ita suka rufe ta, ba wanda ya nemi shawarar mai sayen tikiti.

A Amurka abin ya fi fitowa fili. A 1978 suka fara babbar gasar ƙwallon ƙafa ta cikin zaure, mutum shida-shida, a filin da aka kewaye da bango, ƙwallo ta bugi bango ta dawo a ci gaba da wasa. New York Arrows ce ta ci kofuna huɗu na farko a jere, daga 1979 zuwa 1982. A 1984 ta karye, bashi ya cinye ta. Gasar kanta ta rufe a 1992. Dubi wannan lissafi: kofi huɗu, sannan shekara biyu kacal a shafe ka. A can ƙungiya kamfani ce, in ciniki ya tsaya a rufe shago. To wa ke yi wa shago biyayya bayan an rufe shi?

Amma da na ƙara zama da maganar, sai na ga hujjar ta ɗauka cewa ƙungiya ita ce takardar rajista da asusun banki. Dattijon bai taɓa ganin takardar ba. Abin da ya sani shi ne mutanen da suka cika mota tare zuwa Kaduna, da mai sayar da rake a ƙofar fili, da yayansa da ya riƙe masa hannu a cikin turmutsitsi. Da yake lissafa mini 'yan wasan, bayan wasu sunayen sai ya ce Allah ya jiƙansa. A nan na gane cewa ba kofi yake riƙe da shi ba. Mutane ne suka zubar da gumi don su faranta masa rai, yana ganin in ya sauya sheƙa ya bar su ba mai ambatonsu. Ai mu ma muna ziyarar abokan iyayenmu bayan iyayen sun rasu, ba kuma don mamacin zai aiko da godiya ba.

Ban ce duk riƙon baya abin yabo ne ba. Na san masu fakewa da "a zamaninmu" don su raina duk abin da yaro ya yi, ba su taɓa taka filin wasan garinsu ba, sai zagi. Wannan rowa ce da ta yafa rigar amana. Abin da ya bambanta dattijon Arzèkè shi ne yana zuwa kallon Buffles, yana biyan kuɗin ƙofa, yana tafa wa yaran. Zuciyar ce kawai ya ce an riga an kai sadakinta wani gida.

Wanda abin ya fi shafa ma ni ne. Ina iya kawo maka 'yan wasan Barcelona har da na benci, amma da ya tambaye ni sunan mai tsaron gida ɗaya na Buffles na shekarun 1980, shiru na yi. Aikina ke nan fa, ana biyana albashi a kansa. Na je ɗakin ajiyarmu neman tsofaffin kasakasan sharhin wasa, aka ce mini an daɗe da naɗar sanarwar biki da ta rasuwa a kansu, saboda ƙarancin kaset. Ba wanda ya yi haka da mugunta. Bukata ce ta yau ta hau kan jiya ta zauna, kamar yadda ta hau kan Raccah da Arrows.

Na roƙe shi ya zo shirin, ya ce ba zai bar rumfa ranar Asabar ba, ranar ciniki ce. Don haka ni nake zuwa da na'urar naɗar murya duk Talata bayan la'asar. Mun yi zama uku, har yanzu ba mu fita daga 1978 ba.