HAƘƘIN ƊAN TSAKO A KAN MAI KIWONSA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore mana dabbobi da tsuntsaye, Ya sanya su amana a hannunmu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku samarin Musulmi na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi da ƙauyukansu, kun san halin da ƙasarmu ta shiga. Gonar da ke nesa da gari ta gagari mai ita, shanun mutane da yawa an kore. Har a watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako na wani lokaci, kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis tana ciki. Cikin wannan ƙunci ne wasunku suka koma ga kiwon kaji a cikin gida. Madalla da wannan. Sana'a ce ta halas, ta fi roƙo, ta fi zaman majalisa ana cin naman mutane.

Amma fa akwai magana. Sai ka shiga ɗakin kajin saurayi, ka iske ɗan tsako kwance a lungu, ƙafafu sun baje, ba ya iya kai wa ga ruwa, 'yan'uwansa suna tattake shi. Ka tambayi mai shi, ya ce, "Ai wannan asara ce, bar shi ya mutu." To, ɗan'uwa, tsaya ka ji. Asarar kuɗinka ƙarama ce. Babbar ita ce tambayar da za a yi maka gobe ƙiyama.

ABIN DA SUNNA TA KOYA MANA

Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wata mata da ta shiga wuta saboda kyanwa. Ɗaure ta ta yi, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuwa sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa ba, har ta mutu. Sun kuma ruwaito labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare, Allah Ya gafarta masa. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa sahabbai sun taɓa ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu a halin tafiya, uwar ta zo tana ta fuffuka. Da Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallama, ya gani, sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya umarta a mayar mata da 'ya'yanta.

Ku dubi hadisin kyanwar nan da kyau, domin kuwa ya yi daidai da sana'arku. Kazar gida tana yawo da 'ya'yanta, tana tona musu gara da tsutsa, suna tsattsagar ɗanyen haki, suna shan hantsi. Kai kuwa ka sayo 'yan kwana ɗaya, galibi an ɗauko su tun daga Ibadan cikin kwali, ka rufe su a ɗaki. Ba uwa, ba rana, ba ƙwaro. Abin da ka ba su, shi kaɗai ne rabonsu. Ashe ke nan duk abin da suka rasa, a wuyanka yake.

KADA KA ZARGI MAƘWABCI

In ƙafar tsako ta shanye, wasu sai su ce maita ce, ko tsohuwar maƙwabta ce ta yi baki. Wani har ya je ya karɓo laya ya rataya a ƙofar akurki. Subhanallahi! Kambun baka gaskiya ne, amma maganinsa addu'a ce da zikirin da ya tabbata. Rataya laya da zargin Musulmi ba da hujja ba, zunubi ne a kan asara. Wasu kuma su ce ƙaddara ce, su naɗe hannu. Tirmizi ya ruwaito cewa mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, an umarce shi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Ciwon ƙafar tsako yana da sababi, kuma yawancin sabuban nan a hannunka suke. Ga su.

NA FARKO: SANTSI

Ɗan tsako in ya fito daga ƙwai ƙafarsa ba ta yi ƙwari ba. In ka aje shi a kan leda, ko jarida, ko siminti mai sulɓi, sai ƙafafun su zame, ɗaya ta yi dama ɗaya ta yi hagu. Wani lokaci kuma tun daga injin ƙyanƙyasa ne, in zafinsa ya hau ya sauka. Rigakafinsa shimfiɗa mai kaushi: ɓuntun shinkafa busasshe ko ɓarɓashin katako, a rufa buhun algarara a kai cikin kwanakin farko don kada su ci.

In ya riga ya faru, ka samo filasta ko ƙyalle mai laushi, ka dabaibaye ƙafafun biyu daga saman yatsu, ka bar tazarar kamar yatsunka biyu, yadda za su tsaya daidai ƙarƙashin jiki. Kada ka matse har jini ya tsaya. Ka ware shi, ka kusanta masa abinci, ka sa ruwa a mazubi marar zurfi da tsakuwa a ciki don kada ya nutse. Ka riƙa kwancewa kana dubawa kullum. Kwana 3 zuwa 5 sukan isa. Amma da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

NA BIYU: ROWAR ABINCI

Nan ne samari da yawa ke faɗawa. Buhun abincin 'yan tsaki ya yi tsada, sai a koma ga dussa da tsakin dawa zalla. Cikinsu ya cika, amma ƙashi bai sami abin gini ba. Alamominsa uku ne.

In ka ga yatsu sun nannaɗe ciki kamar dunƙulen hannu, tsako yana tafiya a kan gwiwa, galibi wajen mako na biyu, wannan rashin bitamin B2 ne. A zuba bitamin na kaji cikin ruwan sha nan take. In an yi da wuri yakan miƙe, in an makara jijiya ta lalace.

In ka ga yana yawan kwanciya, ka taɓa bakinsa ka ji ya yi laushi kamar roba, wannan laushin ƙashi ne, don rashin kalsiyam da fosfaras da bitamin D3. Hasken rana na sa jiki ya ƙera wannan bitamin, saboda haka in sun ɗan yi ƙwari, a bari hantsi ya taɓa su. Amma kada ka ce za ka ba su abincin kaji masu ƙwai, kalsiyam ɗinsa ya yi musu yawa, yana ɓata ƙoda.

In kuwa gwiwa ta kumbura, ƙafa ta murɗe waje, agara ce ta goce daga mazauninta, sau da yawa don rashin sinadarin manganis. Wannan da wuya ya gyaru.

Saboda haka a ba su abincin farko na 'yan tsaki, mai furotin kashi 20 cikin 100 ko fiye. A duba ranar da aka yi shi, domin zafin bazara da daɗewa suna kashe bitamin. Wanda ya yi fumfuna kuwa guba ne, a zubar. Araha ba ta ado.

NA UKU: SANYI, JIƘA DA CUNKOSO

Makon farko suna son ɗumi na awo 32 zuwa 35, ana rage kamar 3 kowane mako. Ko ba ka da ma'auni, su da kansu za su gaya maka. In sun cure kusa da kaskon gawayi, sanyi suke ji. In sun gudu jikin bango suna haki, zafi ya yi yawa. In sun bazu suna ci, ka dace. Ka bar mashigar iska, don hayaƙin gawayi na kashe kaji, yana kashe mutum. Shimfiɗa in ta jiƙe da kashi sai ta ƙona musu tafin ƙafa da gwiwa, sai a canja ta. Kajin nama kuma, buroila, suna kai kilo 2 cikin mako 6, nauyi yakan fi ƙarfin ƙafa. A ba su fili su motsa, a bar musu sa'o'in duhu su huta.

NA HUƊU: ANNOBA

Akwai cutar Marek, wadda wani likita mutumin ƙasar Hangare mai wannan suna ya bayyana a 1907. Takan kama kaji daga wajen mako 6, ƙafa ɗaya ta miƙe gaba ɗaya baya. Ba ta da magani, allurarta ranar ƙyanƙyasa ake yi, sai ka tambayi dillali kafin ka biya. Akwai kuma cutar Newcastle, mai share kajin gari da hunturu: wuya ya murɗe, kashi ya yi kore, ƙafa da fiffike su shanye. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin rigakafinta. In ka ga kaji suna faɗuwa da yawa lokaci guda, ka hanzarta ga malamin dabbobi, domin murar tsuntsaye ma, wadda ta fara ɓulla a Nijeriya a 2006, haka take kisa. Kada ka yi ta ɗura musu kafso na mutane bisa jahilci. Tambayar masani umarni ne na addini, a masallaci da wajen sana'a duka.

WANDA BA ZAI TASHI BA

In ka yi iyakar ƙoƙari, masani ya ce ba ya tashi, kada ka jefa shi bola da ransa, tururuwa na cinsa. Sabo da kaza ba ya hana yanka, amma yankan ma da ladabinsa. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu da ke cikin Muslim ya koya mana a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. Wanda annoba ta kashe a binne shi da zurfi, kada a yar a lungu kajin maƙwabta su ɗauka.

Sannan ku ji tsoron Allah wajen ciniki. Wanda ya ga cuta ta shiga, ya kwashi kajin ya kai kasuwa da sassafe kafin su fara faɗuwa, ya yi algus. Annabi, Sallallahu alaihi wa sallama, ya tsawata wa mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashi, ya nuna mai algus ba ya tare da mu. Wataƙila wanda ya saya maraya ne, ko ɗan gudun hijira da ya haɗa ɗan abin da ya rage masa.

Ya ɗan'uwa, bayan sallar Asuba, kafin ka ɗauki waya, leƙa ɗakin kajinka. Ka tashe su, ka ga wa ya miƙe, wa ya kasa. Saurayin da ya saba tausayin ɗan tsako, da wuya ya ɗaga hannu a kan ɗan Adam, kuma ƙasarmu ba ta da buƙatar da ta fi wannan a yau. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ciyar da mu halas, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da sauran ƙasashen Musulmi, Ya gafarta mana da iyayenmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.