Ka Duba Ganyen da Asuba

Ɗana, idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, ka ga ganyen masararka ya naɗe da azahar, kada gabanka ya faɗi. Tattalin ruwa shukar take yi.

A jikin kowane ganye akwai dubban ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ta nan iskar da shuka ke haɗa abinci da ita take shiga, ta nan kuma ruwa ke fita ya bi iska. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta zuƙo ta wannan hanyar yake tafiya. Ƙwayoyin halitta biyu ne ke gadin kowace ƙofa: in sun ƙoshi da ruwa sai su kumbura ƙofar ta buɗe, in ƙasa ta fara bushewa sai shukar ta tara wani sinadari mai suna ABA, su saki ruwansu, ƙofar ta rufe. Naɗewar ganyen kuwa rage fuskar da rana da iska ke duka ce. Dawa ta ƙara da farin kakin nan da ke shafar hannunka in ka riƙe karanta, wake kuma karkatar da ganyensa yake don rana ta goge shi ta gefe.

Amma fa rufe ƙofa ba kyauta ba ne. Muddin tana rufe, abinci ba ya haɗuwa, ganyen kuma yana ƙara zafi, tunda fitar ruwan ce ke sanyaya shi, kamar yadda randa ke sanyi saboda tsattsafowar da take yi.

Don haka kada ka yanke wa gona hukunci da tsakar rana. Je ka da asuba. In ganye ya warware ya miƙe, da sauran danshi a ƙasa. In ka tarar da shi a naɗe tun rana ba ta fito ba, ƙishin ya kai ƙishi. Mai rijiya ko injin ban ruwa ya tashi tsaye.

Kuma ka ajiye buhun takin zamani har ƙasa ta jiƙe. Na sha ganin matasa suna barbaɗa yuriya a busasshiyar gona wai don shuka ta farfaɗo, alhali ba abin da take yi sai ƙone saiwa, saura ya bi iska.

Lokacin da ya fi haɗari ga masara shi ne sa'ad da take fitar da gemu. 'Yan kwanaki na ƙishi a nan sun isa su bar maka goyo mai giɓi, ko da ruwa ya dawo daga baya. In ruwan da kake ban ruwa da shi kaɗan ne, ka adana shi don wannan lokacin.