Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Ɗakin jinka, in ka kalle shi daga waje da rani, sai ka rantse lafiyarsa lau. Sai damina ta kankama, ruwan dare ya goce, sannan na ciki zai ja tabarmarsa gefe, ya tara ƙwarya a kusurwar da ke ɗiga. Daga nan Bahaushe ya samo wannan magana, yake jefa ta ga mai shisshigi, wanda ke zuwa da magani tun bai tambayi ciwo ba.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna sa-in-sa a kan wannan gaɓa. A 2005 Jeffrey Sachs na Jami'ar Columbia ya fitar da littafi yana cewa talauci tarko ne, ba a fita sai an zuba taimako mai kauri lokaci guda: taki, iri, asibiti, makaranta, rijiya. Aka kafa ƙauyukan gwaji a ƙasashen Afirka 10, tun daga Sauri ta Kenya har Pampaida ta ƙaramar hukumar Ikara a Jihar Kaduna. Shekara na zagayowa William Easterly, tsohon ma'aikacin Bankin Duniya, ya mayar da martani. Ya ce masu zama a ofis suna tsara wa talaka rayuwa sun yi shekara da shekaru suna zuba kuɗin agaji, ba a ga abin a zo a gani ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa ya faru ne a Rarieda, yammacin Kenya, tsakanin 2011 da 2013. Ƙungiyar GiveDirectly ta riƙa tura wa matalauta kuɗi ta wayar hannu, ba sharaɗi, ba wa'azi. Alamar da aka bi wajen zaɓen gidaje ita ce rufin ciyawa. Johannes Haushofer da Jeremy Shapiro suka bi sawun kuɗin, suka buga sakamakon a 2016. Masu cewa a giya da taba za a ƙarar ba su ga haka ba. An sayi abinci, an sayi dabbobi, gidaje da dama kuma suka kwaye ciyawa suka buga kwano. Lissafi ne na wanda ya gaji da sayen ciyawa da biyan mai jinka a kai a kai. Mai tsara agaji daga nesa da wuya ya sa rufi a sahun farko.

Sai dai karin magana ba aya ba ce, tana da iyaka. Akwai ɗigar da ido ba ya gani. A Busia, can Kenyar dai, Michael Kremer da Edward Miguel sun gano cewa maganin tsutsar ciki ya rage fashin makaranta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma da aka sa wa maganin ɗan kuɗi kaɗan, mafi yawan iyaye suka janye. A 2015 wasu masana suka sake bin alƙaluman, suka ce amfanin bai kai yadda aka zuzuta ba, aka yi ta tafka muhawara. Kremer dai ya samu kyautar Nobel a 2019 tare da Abhijit Banerjee da Esther Duflo.

A ganina babbar tambaya ita ce: wane ne mai ɗakin? Kowa ya san yadda ake tarbar baƙi masu aikin raya karkara. Mota ta tsaya ƙofar gidan dagaci, a jera kujeru, dattawa masu manyan riguna su zauna, a ce me kuke bukata. Za a ce taki, za a ce tarakta, a rubuta cewa an tuntuɓi jama'a.

Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a 1967, ta nuna inda gizo ke saƙar. A littafinta na 1972 ta bayyana cewa manoman gari ɗaya ba tsararrakin juna ba ne a wajen samu. Akwai mai cika rumbu ya jira tsadar bazara da damina, ya fitar da hatsi ta hannun matansa a cikin gida. Akwai kuma wanda hatsinsa ke ƙarewa da wuri, ruwa na sauka ya tafi ƙwadago gonar wani don abin sawa a baka, tasa gonar ciyawa ta cinye ta. Irin wannan mutum, ko an raba taki mai rahusa, da wuya ya iya saye, in ma ya samu yana iya sayarwa. Ranar taron ƙofar dagaci yana can duƙe da fartanya, matarsa kuwa ba wanda ya leƙa ya ji ta bakinta.

A 1986 Hill ta sake fitar da wani littafi, ta caccaki masana ci-gaba a kan abu biyu: ɗaukar manoma tamkar duk halinsu ɗaya, da gina nazari a kan alƙaluman gwamnati game da karkara, waɗanda ta ce ba abin dogaro ba ne.