Dokar Ganin Dama: Wa Ke da Ikon Zaɓenta?

Mai karatu zai iya mamakin ganin an ɗauko zancen wasa a fagen da aka saba tattauna manyan al'amura. To, a yi mini uzuri, domin sau da yawa a wurin wasa ake gane halin mutum game da adalci, tun kafin a ba shi riƙon wani abu mai nauyi.

Wasan da nake nufi shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a shekarar 1974, ta hannun kamfanin TSR na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna a tebur, kowa ya ƙirƙiri tauraronsa: wani mayaƙi, wani matsafi, wani ɓarawo. Mutum guda kuma ya zama jagora, shi ke bayyana duniyar da labarin ke gudana a ciki, shi ke magana da bakin sarakuna da dodanni, shi ne kuma alƙali idan gardama ta tashi. Duk sa'ad da tauraro ya yunƙura zai yi abin da ke da haɗari, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, amma mai fuska 20, ita ce za ta faɗi ko ya dace ko bai dace ba. Labari ɗaya yakan ɗauki shekara ko fiye ana zama mako-mako.

Abin da ya ja hankalina shi ne, littattafan wasan suna ɗauke da dokoki iri biyu: na tilas da na ganin dama. Bugu na biyu na 1989 ya ware wasu dokoki ya ce a ɗauka ko a bari, a 1995 kuma kamfanin ya fara fitar da littattafai sukutum na irin waɗannan dokoki. Bugu na biyar, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2014, shi ma ya bi wannan hanya. To, idan littafi ya ce a yi yadda aka ga dama, damar wa ake nufi?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce ta jagora, tunda shi ke ɗauke da wahalar shirya labari. Wannan amsa tana da ƙarfi, sai dai ta manta da abu guda. Doka tana kwance a littafi ba ta da ɓangare, amma da zarar an ɗora ta a tebur sai ta zama riba ga wani, asara ga wani. Ga misali daga bugun 2014. A ƙa'idar asali, gajeren hutu sa'a 1 ne, dogon hutu sa'a 8. Akwai dokar ganin dama da ta mayar da gajeren hutu sa'a 8, dogo kuma kwana 7, don a ƙara wa labari tsanani. Mayaƙi yana farfaɗo da muhimman dabarunsa a gajeren hutu, matsafi kuwa sai an yi dogo yake maido da mafi yawan sihirinsa. Ashe jagoran da ya zaɓi wannan doka ya ɗaure hannun matsafi na mako guda, ko ya yi nufin haka ko bai yi ba. Haka nan dokar da ta ce idan abokai biyu suka sa dodo a tsakiya kowannensu zai jefa ƙwaya sau biyu ya ɗauki mafi yawa: alheri ce ga mai takobi, mai baka da ke can nesa kuwa ba ta tsinana masa komai ba.

Wanda ya taɓa buga Whot a ɗakin kwanan ɗalibai ya san wannan rigima. Ko ana tare katin 2 da wani 2, ko dole a kwashi biyu? Ba a tunawa da tambayar sai lokacin da aka ɗora wa wani, kuma a lokacin kowa ya riga ya duba abin da ke hannunsa. Wanda ke riƙe da 2 zai rantse cewa a garinsu ana tarewa.

Nan ne nake ganin hujjar John Rawls ta shigo. A littafinsa na 1971 kan adalci, ya kawo shawarar cewa dokar da ta fi adalci ita ce wadda mutane za su yarda da ita tun ba su san matsayin da za su samu a cikin al'umma ba. A rayuwa wannan zato ne kawai, domin babu wanda aka yi shawara da shi kafin a haife shi. A tebur kuwa abu ne mai yiwuwa ƙwarai: a zauna a yanke dokokin ganin dama tun kafin kowa ya ƙirƙiri tauraronsa. Wanda bai san ko matsafi zai zama ko mayaƙi ba, zai auna dokar hutu da ma'auni na gaskiya. Saboda haka ni a ganina, tambayar yaushe aka zaɓi doka ta fi tambayar wa ya zaɓe ta nauyi. Jagora ya yanke shi kaɗai ma ba laifi, muddin ya faɗa a fili tun ranar farko, mai so ya zauna, wanda bai so ya nemi wani tebur.

Sai dai fa akwai inda wannan tsari yake gazawa. A ce an yi wata goma ana wasa. Tun farko an amince cewa wanda ya mutu ya mutu. Yau tauraron wani ya faɗi a fagen fama, ƙa'ida kuma ta ce idan ƙwaya ta ƙi shi sau 3 shi ke nan. Mai tauraron yaro ne mai kunya, wanda wannan zama na mako-mako shi ne kaɗai wurin da bakinsa yake buɗewa. Dodo na tsaye a kansa, jagora ne zai jefa wa dodon ƙwaya, kuma bisa al'ada yana jefawa ne a bayan wani ɗan kwali da ke kare shi daga idon 'yan wasa. Ƙwaya ta ce dodo ya same shi. Babu wanda ya gani. Shin jagora ya ce dodo ya kuskure?

Jagorori da yawa suna yin haka, suna kiransa tausayi. Ba na musun kyakkyawar niyyarsu. Amma a duba abin da aka yi: an shigo da sabuwar doka, wato "wane ba ya mutuwa", ba tare da sanin kowa ba, har shi wanen. Yarinyar da tauraronta ya mutu wata uku da suka wuce, ta haƙura ta sake sabo, an zalunce ta a baya. Shi kuma yaron an ba shi nasarar da ba tasa ba, zai tafi gida yana murnar sa'ar da ƙarya ce. Johan Huizinga, masanin tarihi ɗan Holan, ya lura a 1938 cewa mutane sun fi yafe wa mai maguɗi a kan wanda ya watsa wasa, domin mai maguɗi aƙalla yana nuna ya yarda akwai wasan. Wannan gaskiya ce game da ɗan wasa. Game da alƙali kuwa ban yarda ba, domin ranar da aka gane ya taɓa juya ƙwaya, duk nasarorin wata goma sun shiga cikin shakka, har waɗanda aka samu da gumi.

Hanyar da ta rage ita ce ya ɗaga kwalin, ya ce ga abin da ƙwaya ta faɗa, ya tambaya ko tebur ya yarda a sauya doka daga yau, tauraro ya tsira da tabo ko gurguntaka maimakon mutuwa. Littafin jagora na 2014 ma yana da dokar ganin dama ta raunuka masu ɗorewa, wadda za a iya jingina da ita. Na san wannan ma ba ta fita sarai ba. An riga an san wanda zai amfana, kuma wa zai iya cewa a'a alhali yaron na zaune yana kallonsa? Yardar da kunya ta tatso ba cikakkiyar yarda ba ce. Duk da haka na fi son ta a kan ta bayan kwali, domin yarinyar nan tana da bakin da za ta ce, "To, nawa tauraron fa?", jagora kuma dole ya ba ta amsa a gaban kowa.