Ɗalibi Zai Iya Zaɓen Malaminsa?

A zangon Dapaong na tashi, a arewacin Togo. Mahaifina ɗan tireda ne mai cin kasuwannin ƙauye har zuwa Nano. Da na sauke Alƙur'ani, ni na zaɓi zauren da zan ɗauki littattafai. Na zauna gun wani malami wata biyu, na ga ba na fahimta, na naɗe buzuna na koma wani zauren. Babu wanda ya ce na yi rashin kunya. Haka al'adar take tun da can, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma takawa ya yi har Agadas don neman Malam Jibrilu ɗan Umar.

Da na shiga wata jami'a a Nijeriya sai na tarar da abin ya sha bamban. An haɗa mu da malamin ƙagaggen rubutu wanda bai taɓa rubuta ko gajeren labari ba. Digiri yake da shi, digirin kwamitin ɗaukar aiki ya duba. Shekara guda yana karanta mana ma'anar jigo da salo daga tsohon littafinsa, bai taɓa karɓar rubutun ɗayanmu ya gyara ba. Na kan tuna cewa da ma'aunin digiri, Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna da Balaraba Ramat Yakubu, waɗanda ajin yaƙi da jahilci ya taimaka wa karatunsu, da wuya su tsallake wannan kwamiti a lokacin da littattafansu ke tashe. Alhali da su muka koyi son labari.

Sai muka rubuta takardar koke, muka nemi a riƙa jin ta bakinmu kafin a ɗauki malamin rubutu. Hujjarmu ita ce Jami'ar Bolonya ta Italiya, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1088. A can, a zamanin da, ƙungiyoyin ɗalibai ne suke ɗaukar malamai, su biya su, har su ci tarar wanda ya makara.

Amma a yau ina tuhumar kaina. Da an ba mu zaɓi a lokacin, na san wadda za mu fara ƙi: wata malama mai jan biro da ta dawo mini da labarina sau huɗu, ta ce jarumata ba ta da laifi ko ɗaya, don haka ba mutum ba ce. Na yi mako ina jin haushinta. Duk abin da na iya a rubutu, daga jan biron nan ya fito.

Ga inda zaure ya bambanta da aji. Malamin zaure ba ya ba da maki, saboda haka mai zaɓensa ilimi kawai yake nema. Malamin jami'a kuwa sakamakonka na hannunsa. Idan aka ce in zaɓi mai yi mini alƙalanci, zuciyata ga mai sauƙin hannu za ta karkata, kuma zan rantse cewa ƙwarewarsa na gani. Shi ma mai neman aikin zai koyi lallashin 'yan aji maimakon faɗa musu gaskiya.

Duk da haka ban janye koken ba, gyara shi na yi. Akwai abin da farfesoshi ba za su gani a takardun mutum ba: ko yana sauraro, ko zai iya nuna wa yarinya aibin labarinta ba tare da ta daina rubutu ba. Mai zama a benci ne ya san wannan. A ganina, a sa mai neman aikin ya koyar da aji guda, ya gyara rubutun ɗalibai a gabansu. Sannan a nemi ra'ayin 'yan shekarar ƙarshe a rubuce, waɗanda ba zai taɓa duba jarrabawarsu ba, kwamiti ya karanta kafin ya yanke hukunci.

Malamar nan ta yi ritaya bara. Labarin da ta dawo mini da shi yana nan a akwatina, kwafi huɗu, na ƙarshen ne kaɗai babu jan biro a shafin farko.