Maigidan da Ya San Mutanensa



A Littafin Rut, sura ta 2, mun ga Bo'aza ya fito daga Baitalami zuwa gonarsa a lokacin girbin sha'ir. Kafin ya duba damin da aka ɗaure, sai da ya gai da masu girbi da sunan Ubangiji, su ma suka sa masa albarka. Sa'an nan ya hangi wata baƙuwa tana kala a bayansu, ya tambayi ko 'yar wane ce, ya gargaɗi samarinsa kada su dame ta, ya kuma kira ta ta ci abinci tare da su. Attajiri ne, amma ya san fuskokin da ke gonarsa, har ya gane sabuwar fuska nan take.

Mu da muke neman abinci a gindin Dutsen Dala ba baƙin wannan hali ba ne. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma amana ce ta riƙe ta. Falke ya sauka wurin fatoma, fatoma ya ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an ɗauki kaya bashi. Alhassan Dantata, wanda ya fara da fataucin goro daga Gwanja, ya rasu a 1955, ya bunƙasa cinikin gyaɗa ta wurin damƙa wa yaransa kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo. Wa zai ba mutum jari ya tafi nesa da shi, in bai san gidansu da halinsa ba? Yaron kuma ya sani cewa ranar aurensa, ko ranar da aka yi masa rasuwa, maigidansa zai taka ya zo. Zumunci a ƙafa yake, har a wurin aiki.

Mu dubi Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959. Kafin mai karaya ya sāke takawa, hannaye da yawa sun taɓa shi: likita, nas, mai ɗaukar hoton ƙashi, mai ɗaura filasta, mai tura keke, mai share ɗaki. A irin wannan aiki, sau da yawa ƙaramin ma'aikaci ne yake fara ganin abin da ya ɓaci. Idan babba ya saba gaishe shi da sunansa, zai faɗa da wuri. Idan kuwa tsawa kaɗai ya sani, zai yi shiru, a yi hasara. Haka yake a makaranta, a gareji, a shago, har a ofishin Ikklisiya, domin mu firistoci ma muna da katekis, mai dafa abinci da mai gadi, kuma wannan magana ta hau kanmu.

Amma kada wani maigida ya ɗauka fara'a za ta tsaya a madadin albashi. Tun 1891 Paparoma Leo na 13 ya koyar cewa hakkin ma'aikaci ne a biya shi abin da zai riƙe kansa cikin mutunci, kuma a 1981 Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya nuna cewa darajar kowane aiki daga mutumin da ke yin sa take fitowa. Wanda ya kira yaronsa “ɗana” alhali ya riƙe masa kuɗin wata uku, yaudara yake yi. Haka nan wanda zumuncinsa ya tsaya kan 'yan garinsu ko 'yan addininsu. Rut Bamowabiya ce, ba dangin masu girbin ba.

Saboda haka, ku da Allah ya ɗora a kan wasu, ko da yaro ɗaya ne a shago, idan kun fita ranar Litinin ku tambayi kowa lafiyar iyalinsa, ku tsaya ku ji amsa. Ku da kuke ƙarƙashin wasu, ku riƙe amana. Idan abokin aikinku Musulmi ya yi suna ko an yi masa rasuwa a Gwammaja ko Koki, ku je barka, ku je ta'aziyya, ku zauna a tabarma tare da jama'a.