Sharhi A Kan Kukan Yaro Da Dare

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ga baitocin da na tsara, sharhinsu na biye:

Kukan yaro da dare kira ne, ɗan'uwa,
Ba shi da harshe in ba dai kururuwa.
Tashi ka duba, zazzaɓi ne ko yunwa,
Ko ko duhu ne ya hana shi natsuwa?
Horo da rahama tun asali 'yan'uwa,
In an raba su sai a girbi damuwa.

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah Ya yi mana gamon katar, ikhwanai a nan Zangon Wagadugu suna tambaya game da wata dabara da ta shigo hannun samarinmu: a kwantar da yaro ɗan shekara ɗaya ko biyu shi kaɗai, a bar shi ya yi ta kuka har barci ya ɗauke shi, wai don ya saba. Shin horo ne, ko zalunci?

Asalinta daga Amurka ne. Likita Emmett Holt ya yi wasiyya da ita a littafinsa na 1894. A 1985 Likita Richard Ferber na birnin Boston ya sassauta ta, ya ce a riƙa leƙa yaron bayan 'yan mintoci, ana ƙara tazarar a hankali. Adalci ya sa in faɗa, binciken da aka buga a 2012 kan yaran Ostireliya bai ga cutarwa ba sa'ad da su ka kai shekara 6, bai kuma ga wani fifiko ba. Amma waɗancan ana leƙa su ne, ba watsi aka yi da su ba.

To, mu ma'auninmu Sunna. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kan shiga salla da nufin tsawaitawa, in ya ji kukan yaro sai ya taƙaita, don sanin halin da uwar ta ke ciki. Sun kuma ruwaito ya yi salla yana ɗauke da jikanyarsa Umamatu 'yar Zainab. Duba fa! Salla ce sanyin idonsa, amma ya rage ta saboda kukan yaro. Yaya mu za mu ƙi rage barci?

Ibn Sa'ad ya kawo labarin wasu fatake da su ka yi zango a Madina, Sayyidina Umar da Abdurrahman ɗan Aufu su ka kwana gadinsu. Umar ya yi ta jin kukan wani yaro, ya je wa uwar har sau uku. Ashe yaye ta ke yi masa tun lokaci bai yi ba, domin baitulmali ba ya yanka rabo sai ga yayayye. Umar ya yi sallar Asuba cikin kuka, sannan ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da rabo tun ranar haihuwa. Lura da kyau: ya bi sawun kukan har ya iske sababinsa, ya tarar a hannunsa ya ke, ya gyara.

Wannan shi ne hukuncin da na ke gani. Kuka tambaya ce, ba a sanin amsarta sai an je. Mu da mu ke ƙasar sauro, zazzaɓin damina ya kan sauko wa yaro da tsakar dare, wanda ya rantse ba zai buɗe ƙofa ba ina zai san jikin ya yi zafi?

Wani zai ce: Malam, uwa fa? Ta wuni kasuwa, ta kwana jijjiga, ita ba mai haƙƙi ba ce? Na'am, mai haƙƙi ce, shari'a ba ta yarda a cutar da uwa saboda ɗanta ba. Dā a Zango gida guda ya kan tara kaka da gwaggo da inna, goyo yana yawo daga baya zuwa baya, ranar yaye a kai yaro ɗakin kaka, ya yi kukan nono a ƙirjin wadda ta ke ƙaunarsa. Da aka rushe tsohuwar unguwar Zangwetin a 2003 saboda aikin ZACA, zuri'o'i su ka warwatsu, kaka ta yi nisa, nauyin mata biyar ya faɗo kan mace ɗaya. Maganin wannan ba rufe ƙofa a kan yaro ba ne. Maigida ya tashi ya karɓa. Kai da ka ke tashi tahajjudi, kana jan Salatul Fatihi har alfijir, saɓa ɗanka a kafaɗa ka ja ta, uwarsa ta runtsa. Zikirin da bai tausasa zuciya ga na cikin ɗaki ba, a binciki niyyarsa.

Koya wa yaro kwana a shimfiɗarsa halal ne, amma ba abin gaggawa ba, domin hadisin Abu Dawuda ya ambaci raba makwanci ne a shekara 10. Mai buƙata ya bi sannu: a ƙosar da yaro, a taɓa goshinsa, a saukar masa da gidan sauro, a yi masa addu'a, a zauna kusa. Gobe a ɗan matsa, jibi a ƙara. In ya yi 'yar rigima, a yi masa magana ba sai an ɗauka ba. In kukan ya zama na firgita ko na ciwo, a ɗauke shi ba jinkiri. Haka shaihunai su ke tarbiyyar muridi, ba su yaye shi dare ɗaya, ba su kuma jefar da shi.

Yaro a wurin iyayensa ya ke fara sanin ko ana amsa kira. Mu ma masu kuka ne a ƙofar Ubangiji cikin sulusin dare, muna fatan kada a ƙyale mu. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ji ƙan iyayenmu da su ka yi rainonmu muna ƙanana. Allah ne Mafi sani. Wassalamu.